Shin in tara kuɗi in je Hamvention in sayo kayan rediyo?

"Assalamu alaikum. Ni mai gyaran rediyo da talabijin ne a Zariya, shekara goma sha biyu ina wannan sana'a, kuma tun ina yaro nake son kama tashoshin gajeren zango. Kwanaki na ga bidiyon wani taro a Amurka da ake kira Hamvention, mutane dubbai, kayan rediyo jibge a kan tebura kamar kasuwar gwanjo. Na fara tara kuɗi in je in sayo na'urar da zan riƙa magana da ƙasashen waje, in kuma haɗo da wasu in sayar. Mene ne ainihin wannan taro, kuma tafiyar za ta biya ni?"

Wa alaikumus salam, Malam. In na fahimce ka, abin da kake son sani shi ne ko kuɗin da kake tarawa za su fi amfani a tikitin jirgi zuwa jihar Ohio ta Amurka, inda ake taron, ko a wani wuri dabam. Bari in ba ka amsata tun yanzu, dalilai su biyo baya. Idan sayayya ce za ta kai ka, tafiyar ba za ta biya ka ba. Taron yana da daraja ƙwarai, na je kuma ina fatan komawa, amma darajar tana wurin mutanen da za ka tarar, su kuwa za su fi amfanar ka ranar da ka je musu da lasisi da lambar kira taka ta kanka, wato haruffa da lambobin da ake gane tasharka da su a rediyo.

Su wane ne ke taruwa

Mu ba baƙin gajeren zango ba ne. Tun 1957 da BBC ta buɗe sashen Hausa iyayenmu ke murza akwatin rediyo da asuba suna neman mita. Sai dai wancan saurare ne, babbar tasha guda tana magana, miliyoyi suna ji. Masu taron Hamvention wani rukuni ne dabam. Kowannensu gwamnatin ƙasarsa ta ba shi lasisi ya kafa 'yar tasha a gidansa, ya yi magana da takwaransa na wani gari ko wata nahiya, shi ma a amsa masa. Sharuɗɗan kusan iri ɗaya ne ko'ina: ba a kasuwanci a kai, ba a sa waƙa, ba a watsa shiri ga jama'a, ba a ɓoye magana da lambobin sirri. Sha'awa ce da neman ilimi, sai kuma taimako idan bala'i ya katse waya da intanet. Turawa suna kiran irin wannan mutum ham, daga nan sunan taron ya fito. Akwai manoma a cikinsu, akwai likitoci da 'yan makaranta, har marigayi Sarki Hussein na Jodan yana ciki, lambar kiransa JY1.

Hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta ware musu zanguna nasu, irin su mita 80, 40, 20, 15, 10 da 2. Abin da ke kai muryarsu nesa shi ne abin da ke kawo maka London a akwatinka. Can sama, daga kimanin kilomita 100 zuwa 400, akwai wani sashe na iska da hasken rana ke cajawa, shi ke lanƙwaso igiyar rediyo ta dawo ƙasa a wata nahiya. Ƙarfinsa yana canzawa tsakanin dare da rana, yana kuma bin hawa da saukar ƙarfin rana na kimanin shekara 11. Shi ya sa mai wat 100 da waya mai tsawon mita 10 da ya rataya tsakanin bishiya da katanga zai iya gaisawa da mutumin Italiya ko Brazil da yamma, washegari a lokaci guda ya kira shiru.

Kowace ƙasa tana da haruffan da lambar kiran mutanenta ke farawa da su. Najeriya 5N, Nijar 5U, Gana 9G, Kamaru TJ, Chadi TT, Sudan ST. Ka riƙe wannan, zan dawo kansa.

Taron kansa

Ƙungiyar masu wannan sha'awa ta birnin Dayton a jihar Ohio ce ta fara shi a 1952, a otal ɗin Biltmore. A 1964 ya koma wani babban zaure mai suna Hara Arena, ya zauna can har 2016 da aka rufe wurin. Tun 2017 ake yin sa a garin Xenia, kimanin kilomita 25 gabas da Dayton, a filin da gundumar Greene ke baje kolin amfanin gona da dabbobi. Kwana uku ne, Juma'a zuwa Lahadi, a tsakiyar watan Mayu. Annobar korona ta hana yin sa a 2020 da 2021, amma da aka dawo jama'a sun ƙaru, a 2024 sun haura dubu 35. 'Yan sa-kai na ƙungiyar ne ke ɗaukar nauyin aikin, daga sayar da tikiti har jera motoci.

A cikin gine-ginen akwai rumfunan manyan kamfanoni, Icom da Yaesu da Kenwood na Japan, Elecraft da FlexRadio na Amurka, da ƙananan masu ƙera eriya da mabuɗin buga saƙo da alamomin Mos. Nan ne za ka zauna gaban na'urar da kake gani a hoto, ka sa abin ji a kunne, ka murza da hannunka, wani lokaci ma wanda ya zana ta ne tsaye yana amsa tambaya. Akwai kuma ɗakunan lacca da ke cika daga safe zuwa yamma, a kan eriya, tauraron ɗan'adam, aikin agaji, gasar kira, da koyar da yara.

Abin da ka gani a bidiyo kuwa filin gwanjo ne, kuma na san shi ya ja hankalinka, don duk mai riƙe da ƙarfen dalma nan zuciyarsa take. Layuka ne a fili, kowa ya buɗe bayan motarsa ya shimfiɗa tebur. Za ka ga tsofaffin na'urori masu bawul na Collins da Hallicrafters da Heathkit, da na Drake waɗanda a Miamisburg kusa da Dayton aka ƙera su. Za ka ga mitocin gwaji da aka kwaso daga ɗakunan bincike, kwalaye cike da kafasito da taransisto, naɗin waya, littattafan gyara da suka yi shekara hamsin. Ana ciniki kamar yadda muka saba. Kaya masu kyau da safiyar Juma'a suke tafiya, araha kuma ranar Lahadi take zuwa, lokacin da mai kaya ba ya son sake loda su a mota. Idan aka yi ruwa filin taɓo yake zama.

Abin da na fi tunawa a filin nan ban saye shi da kuɗi ba. Na tsaya gaban teburin wani dattijo ina juya wani zoben ferait, ya tambaye ni me zan yi da shi. Na ce eriyata tana dawo mini da wuta cikin ɗaki, in na yi magana kwamfuta ta rikice. Ya jawo kujera, ya ɗauko guntun kebul, ya naɗa shi a zoben a gabana yana ƙirga zagaye, ya nuna mini inda ake sa shi a gindin eriya da dalilin da ya sa a nan ne. Mun yi kusan awa ɗaya. Matsalar da ta dame ni wata da watanni ta ƙare a makon da na koma gida. Irin wannan zama shi ake zuwa nema, kuma na samu damarsa ne saboda ina da tasha, ina da matsalar da zan kawo. Da ban taɓa kafa eriya ba, da na juya zoben na ajiye na wuce.

Me ya sa sayayyar ba ta biya

Fara da lissafi. Akwai kuɗin biza, jirgi, masauki da mota, domin Xenia ƙaramin gari ne, otal-otal na kusa suna cika tun watanni kafin taron, yawancin baƙi a Dayton da kewaye suke kwana. Kafin ka taka ƙofar filin ka riga ka kashe abin da ya fi kuɗin na'ura mai kyau. Sabuwar na'ura irin IC-7300 ta Icom, wadda mutane da yawa ke farawa da ita, tana kai dala dubu da wani abu, kuma rangwamen da dillalai ke yi a wurin taron kaɗan ne a kan farashinsu na kullum. Ba zai mayar maka da ko kuɗin kwana biyu a otal ba.

Sai maganar wuta, wadda kai ka fi kowa saninta. Amurka bolt 120 take amfani da shi, mu 230. Ita na'urar magana ba ruwanta, bolt 13.8 take ci kamar na batirin mota, amma akwatin da ke ba ta wuta, da amfilifaya, da mitocin gwaji, da duk tsofaffin masu bawul, yawancinsu don wutar can aka yi su. Na taɓa sayo akwatin wuta a filin gwanjo, mai kayan ya ce akwai maɓallin sauya bolt a ciki. Da na buɗe a gida babu shi. Sai da na nemo taransifoma mai rage wuta, nauyin da na biya wa kuɗi a jirgi ya zama nauyi biyu a kan tebur.

Akwai kuma abin da mutane ba su cika lura da shi ba. ITU ta raba duniya shiyya uku, Afirka da Turai da Gabas ta Tsakiya suna shiyya ta ɗaya, nahiyar Amurka tana ta biyu, kuma iyakokin zangunan sun bambanta. A mita 40 namu ya tsaya a megahaz 7.2, nasu ya kai 7.3. A mita 2 namu 144 zuwa 146 ne, nasu har 148. Suna da wani zango wajen megahaz 222 da mu ba mu da shi sam. Kamfanoni suna fitar da samfurin Amurka dabam, na Turai dabam. Wanda ka sayo a Ohio zai iya barin ka ka yi magana a inda doka ba ta ba ka ba, garantinsa kuma a can yake.

Kayan gwanjo kuwa yadda ka gan su haka ka saye su. Mai kaya zai ce maka tana aiki, wataƙila ma da gaske yake, rabonsa da kunna ta shekara takwas. A nan kana da abin da yawancin masu saye ba su da shi, wato hannu. Ka shinshina bayanta ko akwai ƙaurin ƙuna, ka duba kan kusoshi ko an sha kwance su, ka nemi a kunna ta a gabanka. Amma ko ka dace, na'ura mai bawul ɗaya za ta cinye nauyin jakarka duka.

Batun sayarwa shi ne ya fi rauni a shirinka. Wa zai saya? Na'urar aika magana ba a sayar wa kowa da kowa, sai mai lasisi, su kuwa a ƙasashenmu 'yan kaɗan ne. Shigo da irin waɗannan kaya ma yana buƙatar takarda. A wani filin jirgi an taɓa riƙe mini na'ura sai da na fito da lasisina aka karanta. Kuma ka san halin tsaro da ake ciki a yankinmu. Wanda aka gani da tulin oba-oba ko doguwar eriya ba takarda zai sha tambayoyin da bai shirya musu ba, ko da niyyarsa fara ce tas. Tunda na ambaci oba-oba, kada arahar ƙananan nan irin Baofeng ta ruɗe ka. Zangonsu gajere ne, kilomita kaɗan a cikin gari, ba su ne ke tsallaka teku ba.

Idan har za a yi tafiya, duba Jamus

Hamvention ba shi kaɗai ba ne. Akwai na Tokyo da ƙungiyar Japan ke shiryawa a watan Agusta, inda kamfanonin can kan fara nuna sababbin na'urori, akwai na Orlando a Fabrairu. Amma wanda na fi ganin ya dace da mutumin Afirka shi ne na Friedrichshafen, a bakin tafkin Bodensee da ke kudancin Jamus, inda ƙasar ta haɗu da Suwizalan da Ostiriya. Tun 1976 ake yin sa a garin, yawanci ƙarshen watan Yuni, tare da ƙungiyar Jamus mai suna DARC. Bai kai na Ohio jama'a ba, amma shi ne mafi girma a Turai.

Dalilaina a fili suke. Shiyyarmu ɗaya da su, wutarmu ɗaya, saboda haka abin da ka saya can zai yi aiki a Zariya ba kwaskwarima. Tafiyar ta fi kusa, ana iya sauka Zurich a hau jirgin ƙasa zuwa Romanshorn a tsallaka tafkin da jirgin ruwa, ana kuma iya kwana a tanti kusa da filin. Sannan ƙungiyoyin ƙasashe da yawa suna kafa rumfa a zaure ɗaya, har da jami'an IARU, haɗaɗɗiyar ƙungiyar duniya da aka kafa a Paris a 1925, waɗanda Afirka ke cikin shiyyarsu. Wanda ke son kafa kulob a makaranta ko a garinsu, mutanen da zai yi magana da su suna nan.

Babban dalilin kuwa wani tauraron ɗan'adam ne. A watan Nuwamba na 2018 aka harba Es'hail-2 na ƙasar Katar, ɗauke da na'urar da ƙungiyar masu wannan sha'awa ta Katar da AMSAT ta Jamus, ƙungiyar masu rediyon tauraron ɗan'adam, suka haɗa kai a kanta, ana kiranta QO-100. Yana tsaye wuri guda a sama, yana ganin Afirka duka da Turai, daga gabashin Brazil har Tailan. Ana aika masa a gigahaz 2.4, yana dawowa a gigahaz 10, kuma kwandon dish irin na kallon talabijin da wat kaɗan sun isa. Ba ruwansa da dare ko rana ko halin da sama take ciki. Ohio ba ta cikin inuwarsa, saboda haka a can ba kowa ya damu da shi ba, a Friedrichshafen kuwa za ka tarar da masu haɗa kayansa da hannunsu. Ga mai gyaran talabijin da ya saba saita dish, ban san ƙofar shiga da ta fi wannan dacewa ba.

Abin da za ka yi da kuɗin yanzu

Lasisi ne farko. Ka nemi ƙungiyar ƙasa, Nigeria Amateur Radio Society, su nuna maka hanyar neman izini daga hukuma. A Hamvention ana zana jarrabawar lasisin Amurka, matakin farko tambaya 35 ce, ana cin ta da 26, baƙo ma yana iya zanawa, amma wannan takarda ba ta ba ka ikon kunna na'ura a Zariya. Ikon yana hannun ƙasar da kake zaune.

Kafin takarda ta fito, saurare ba ya buƙatar komai. Akwatinka na gida ba zai fahimtar da kai hirarsu ba, don yawancinsu da wani tsarin aika murya mai suna SSB suke magana, a rediyon da ba shi da wannan tsari sai ka ji kamar kukan agwagwa. Jami'ar Twente a Holan tana da na'urar saurare da ta buɗe wa kowa a intanet kyauta, ka shiga da wayarka ka je wajen megahaz 14.2 da yamma. Akwai kuma 'yar na'urar nan RTL-SDR mai kama da filash, wadda ake sokawa a kwamfuta, kuɗinta dala 'yan gomiya. Ka yi wata biyu kana ji, za ka koyi yadda ake kira, yadda ake karanta haruffa, da abin da 73 ke nufi idan za a yi sallama, wato fatan alheri.

Daga nan ka haɗa taka. Akwai na'urorin da ake sayarwa a warwatse mai saye ya yi musu dalma da kansa, irin na kamfanin QRP Labs, ko uBITX da Ashhar Farhan ya zana a Hyderabad ta Indiya. Wat biyar ko goma suke bayarwa, batir da ƙaramin faifan sola sun riƙe su, alhali mai wat 100 tana jan kusan amfiya 20 idan tana aikawa. Kada ƙarancin wat ya karya maka gwiwa. Tsarin FT8 da Joe Taylor, wanda ya ci kyautar Nobel ta kimiyyar fiziks a 1993, suka fitar tare da Steve Franke a 2017, yana musayar gajeren rubutaccen saƙo ta kwamfuta duk daƙiƙa 15, kuma kwamfuta tana tsamo shi ko da kunne bai ji komai ba. Abokin gabanka na gaskiya a unguwa shi ne hayaniyar inbata da janareta da cajojin waya marasa kyau. Wannan yaƙi ne da sana'arka ta riga ta ba ka makamansa.

Ka auna shawarata da sanin cewa ni mutumin waya da ƙaramin wat ne, abin da na haɗa da hannuna ya fi faranta mini rai. Mai sha'awar gasa da manyan hasumiyoyi zai ce maka Ohio ce gidan abin, kuma yana da hujja, don a makon taron ake yin manyan zamansu a Dayton. Haka nan idan wata hidima ta riga ta kai ka Amurka a watan Mayu, kada ka bari ya wuce ka, kuɗin shiga ba shi ne matsala ba.

Na ce zan dawo kan haruffan nan. Masu wannan sha'awa suna tara ƙasashen da suka yi magana da su, jerin da ƙungiyar Amurka ta ARRL ke riƙewa yana da wurare 340, kuma ana tabbatar da kowace magana da kati da ake kira QSL ko ta rajistar intanet. Jamus da Amurka da Japan kowa ya samu tun makon farko. Nijar da Chadi kuwa, saboda ƙarancin masu tasha, har ƙungiyoyin Turawa ke haɗa kuɗi su zo su kafa tasha ta mako biyu don dubban masu jira su samu. Najeriya ma ba kullum ake jin ta ba. Ranar da ka kira da lamba mai farawa da 5N, amsa za ta zo maka a cunkushe har sai ka koyi tsamo murya ɗaya a cikin ashirin.

A wuraren taron nan kowa yana rataye lambar kiransa a ƙirji ko a hula, kuma idanun mutane a kanta suke fara sauka kafin fuska. Ka yi shekara ɗaya ko biyu a kan iska, sannan ka sayi tikitin. Ka tafi da katunanka, da littafin da kake rubuta waɗanda ka yi magana da su, da hoton eriyarka, da jerin matsalolin da suka gagare ka, da takalmin da zai jure tafiya. Za a tare ka a tsakanin rumfuna, wani ya karanta ƙirjinka ya ce kun gaisa a mita 20 bara, ya ja ka wurin abokansa.